Broadway ta Los Angeles: Wa Ya Gina Gidajen Kallo, Wa Ya Kashe Su?

A daren 30 ga Janairun 1931, Charlie Chaplin ya shiga sabon gidan sinima mai suna Los Angeles Theatre tare da baƙonsa Albert Einstein, domin a haska fim ɗinsa City Lights karon farko. Fim ya yi nisa, 'yan kallo na ta ƙyaƙyata dariya, sai kawai aka tsayar da majigi, aka kunna fitilu, wata murya ta fito ta lasifika tana roƙon jama'a su ɗan ɗaga kai su dubi kyawun ginin da suke ciki. Ran Chaplin ya ɓaci ƙwarai, ya taso yana faɗa. Masu ba da tarihin fim kan kawo wannan labari don a yi wa mai gidan, H. L. Gumbiner, dariya. Ni kuwa ina ganin gaskiyar sana'arsa mutumin ya faɗa, lokacin faɗar ne bai iya zaɓa ba. Hajarsa ita ce ginin da kujerun da ke cikinsa. Fim, ko da na Chaplin ne, abin janyo mai saye ne zuwa bakin ƙofa.

Kada a haɗa wannan Broadway da takwararta ta New York. Wannan titi ne a tsakiyar Los Angeles, can jihar Kalifoniya, kuma tsakanin 1910 da 1931 an gina manyan gidajen kallo goma sha biyu da har yau suke tsaye a kansa, daga wajen mahaɗarsa da titi na 3 zuwa ta titi na 9, tafiyar da ba ta fi 'yan mintoci a ƙasa ba. Kujerunsu a haɗe sun haura 15,000. Labarin da aka saba bayarwa shi ne: fim ya kashe wasan dandamali, daga baya talabijin ya kashe gidajen fim. Labari ne mai daɗin faɗa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma wanda ya bi tarihin titin gida-gida zai ga cewa abin da ya kafa gidajen nan, ya raya su, ya kuma juya musu baya, shi ne sawun jama'a: ta ina mutane ke bi da ƙafa, da wane lokaci, da nawa a aljihu.

A 1880 mazauna Los Angeles ba su fi 11,000 da 'yan kai ba. A 1900 sun haura 102,000, a 1910 sun kai 319,000, a 1920 sun kai 576,000, a 1930 kuwa sun wuce miliyan 1 da dubu 200. Garin da ke girma haka gari ne na baƙi. Yawancin mutanen sun baro dangi a jihohin tsakiyar Amurka, ko Meziko, ko Japan, ko Turai, sun kama ɗakin haya, ba su da zauren da za su yi hira bayan an tashi daga aiki. Ga kuma taragon lantarki: jajaye na kamfanin Pacific Electric da Henry Huntington ya kafa a 1901 suna kwaso mutane daga garuruwan kewaye, masu ruwan ɗorawa na Los Angeles Railway suna zagaye unguwanni, dukkansu kuma a tsakiyar gari suke juye fasinja. Duk mai son sayen takalmi, ko biyan kuɗin banki, ko ganin likita, sai ya sauka a waɗannan 'yan layuka.

Babbar shaidata ita ce yawon da gidan Orpheum ya yi. Orpheum kamfani ne na gidajen wasa da ya faro a San Francisco a 1887, ya bazu a yammacin Amurka a hannun Martin Beck. Ya shigo Los Angeles a 1894, ya kama wuri a titin Main, inda cibiyar gari take a lokacin. A 1903 ya koma titin Spring. A 1911 ya gina sabon gida a Broadway, wanda yau ake kira Palace. A 1926 ya sake tashi, ya gangara kudu a kan titin, ya gina wanda har yau ke ɗauke da sunan Orpheum. Gida huɗu cikin shekara 32, alhali wasan da ake yi a ciki bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne inda manyan kantuna suka koma. Bullock's ya buɗe a mahaɗar titi na 7 a 1907. A 1908 Hamburger's ya gina katafaren kantinsa a titi na 8, wurin da ake gani kamar bayan gari ne a wancan zamani, kuma iyalin masu kantin suka gina gidan wasa na Majestic a kusa da shi. Ɗan kasuwar da ke sayar da atamfa da tukwane ya gina gidan wasa: wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda sana'o'in biyu ke cin abinci a kwano ɗaya.

Wasan da ake yi a gidajen shi ne bodabil. Tsarinsa gauraye ne. A zama ɗaya za a jera wasa takwas ko tara, kowanne minti goma zuwa ashirin, babu labarin da ya haɗa su: mai rufa-ido, masu tsalle-tsalle da wasan igiya, mawaƙiya, masu barkwanci biyu da ke jifan juna da magana, mai karnuka ko birai da ya horar, gajeren wasan kwaikwayo, masu rawa. Jerin yana da hikimarsa. Wasan farko sai a sa wanda ba ya buƙatar magana, kamar na dabbobi ko na tsalle, domin makararru na shigowa suna hayaniya. Tauraron dare ana ajiye shi sai na biyun ƙarshe. Na ƙarshe kuwa, wanda ke wasa yana kallon ƙeyar masu fita, shi ne matsayin da kowa ke gudu. Mai rufa-ido Harry Houdini ya taka dandamalin Orpheum na Broadway, haka 'yan uwan nan masu barkwanci na Marx, haka shahararriyar 'yar wasan Faransa Sarah Bernhardt.

Babu wani sabo a cikin waɗannan wasanni. An daɗe ana yin su a mashaya da rumfunan maza, inda ake haɗa su da giya da batsa. Abin da masu bodabil suka ƙirƙiro shi ne mutunci. Tony Pastor ya fara gwadawa a New York a 1881: ya tsabtace wasan, ya nemi mata su zo. B. F. Keith da manajansa Edward Albee suka mayar da abin doka a Boston da sauran biranen gabas. Suna liƙa gargaɗi a bayan labule kan kalmomin da ba a yarda ɗan wasa ya furta ba, wanda ya karya kuma a sallame shi. Sun hana 'yan kallo tofar da yawu da buga ƙafa. Sun kuma fito da wasan da ba ya yankewa, daga hantsi har dare, mutum ya shigo sa'ad da ya ga dama, ya fita idan ya ga an zagayo inda ya faro. Ba tsoron Allah ne ya sa su haka ba. Lissafi ne: matar da ta shigo gari cefane da rana tana da awa biyu da 'yan sulalla, kuma idan ta yarda da wuri, ran Asabar za ta dawo da miji da yara. Kujerar da da sau ɗaya ake sayar da ita da dare ga namiji ɗaya, yanzu ana sayar da ita sau da yawa a yini. Mai karatu a Kano zai gane girman wannan nasara idan ya tuna cewa tun daga zamanin Rex ta Sabon Gari, gidan sinima a wurinmu bai taɓa zama inda magidanci ke kai iyalinsa hankali kwance ba, kuma wannan na cikin abin da ya hana sana'ar yin saiwa.

Su kuwa 'yan wasan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1906 Keith da Albee suka kafa ofishin dillanci guda wanda ta hannunsa kaɗai ɗan wasa ke samun aiki a manyan gidajen gabas, suna yankar la'adar kashi 5 cikin ɗari daga albashinsa, ban da ta dillalinsa. Yamma tana hannun Orpheum. Wanda ya yi wasa a gidan abokin hamayya, sai a daina ɗaukarsa. Ƙungiyar 'yan wasa ta White Rats ta yi yajin aiki a 1901, ta sake yi a 1916 zuwa 1917, Albee ya kafa tasa ƙungiyar ta 'yan amshin shata ya karya su. A yajin aikin 1901 wasu masu gidaje sun cike gurbin 'yan wasa da fim, kuma suka ga jama'a ba su tashi sun fice ba. Darasin bai wuce su ba.

Domin kuwa fim a cikin gidan bodabil aka yi masa suna. A watan Afrilun 1896 aka fara haska na'urar Vitascope ta kamfanin Edison a wani gidan wasa na New York mai suna Koster and Bial's, kuma cikin shekarar ta iso Orpheum ta Los Angeles. Shekaru da dama fim ɗaya ne daga cikin jerin wasanni, tsakanin mai rufa-ido da mai karnuka: jirgin ƙasa na tahowa, igiyar teku na dukan gaɓa, 'yan dambe na musayar naushi. Akwai tsohuwar magana cewa idan an so a kori waɗanda suka manne wa kujera sai a sa musu fim a ƙarshe. Masana tarihin fim sun yi ta jayayya kan gaskiyar wannan, kuma ni na fi karkata ga masu shakka: mai gidan da ke biyan hayar majigi da mai juya ta don ya kori mutane, da ya sami hanya mafi araha.

A 1902 Thomas Tally ya buɗe Electric Theatre a titin Main na Los Angeles, ɗaya daga cikin wuraren farko a Amurka da ba a yin komai sai haska fim. A 1905 aka buɗe Nickelodeon a Pittsburgh, kuɗin shiga senti 5, kuma cikin 'yan shekaru irinsa sun cika biranen ƙasar. Shaguna ne kawai aka share, aka jera benci, aka rataya farin ƙyalle. Duhu, zafi, wari, leburori da yara da baƙin haure. Masu faɗa a ji sun tsane su, har magajin garin New York ya soke lasisinsu gaba ɗaya a jajiberin Kirsimetin 1908. Wato fim ya tsinci kansa a ramin da wasan dandamali ya fito shekara talatin da suka wuce, kuma maganin da ya sha shi ne wanda Keith ya riga ya jiƙa: a gina wa talaka fada, mai kuɗi zai biyo shi.

Haka Broadway ta shiga zamanin fadoji. A 1910 Billy Clune ya gina gidan fim da daga baya aka sani da Cameo, Alexander Pantages, Bagirken da ya fara tara abin hannunsa a garuruwan masu haƙar zinariya na Klondike, ya gina nasa na bodabil a maƙwabtaka. A Fabrairun 1918 Sid Grauman ya buɗe Million Dollar, mai kujeru sama da 2,300, gabansa cike da sassaƙe-sassaƙe irin na tsofaffin majami'un Sifaniya. Loew's State ya zo a 1921, a mahaɗar titi na 7, inda cunkoson gari ya fi tsanani. A 1927 Mary Pickford da Douglas Fairbanks da abokan hulɗarsu na United Artists suka buɗe nasu gidan, wanda aka kwaikwayo fasalinsa daga babbar majami'ar Segovia. A lura da wani abu da masu yawon buɗe ido ba sa ɗaga kai su gani: da yawa daga cikin manyan gidajen suna cikin dogayen benaye ne masu hawa 12 ko kusa da haka, iyakar tsawon da dokar birnin ta yarda da shi a lokacin, ƙafa 150. Sama ofisoshin haya, ƙasa a bakin titi shaguna, zauren kallo a baya inda fili ba shi da tsada. Ko kallo bai yi kasuwa ba, haya na shigowa.

Marcus Loew, mai gidajen Loew's, an sha ruwaito shi yana cewa tikitin shiga gida yake sayarwa, ba na fim ba. Kuma ya nuna da gaske yake: a 1924 ya haɗa kamfanonin da suka zama MGM domin gidajensa su riƙa samun fim a kai a kai. Mai kujeru ne ya sayi masana'anta.

Ban faɗi haka don in raina abin da ɗan kallo ya samu ba. Akawun kanti ko mai ɗinki da ke kwana a ɗaki ɗaya, da kuɗin da bai kai rabin dala ba zai taka shimfiɗa mai laushi, yaro mai kayan sarki ya yi masa jagora zuwa kujerarsa, ya shiga banɗakin marmara, ya sha sanyin na'ura a tsakiyar bazara tun kafin a san ta a gidajen mutane. Gidan Los Angeles Theatre har ɗaki mai gilashi yake da shi inda uwa za ta zauna da jariri mai kuka ta ci gaba da kallo, da ɗakin wasan yara, da wata dabarar madubai da ke nuna fim ɗin ga waɗanda suka sauka falon ƙasa. Mai zanen ginin, S. Charles Lee, ya yi suna da ra'ayinsa cewa kallo daga bakin titi yake farawa, shi ya sa fitilun ƙofa da rumfar tikiti suke da muhimmanci a wurinsa kamar allon majigi. Wannan alfarma ce ta gaske, kuma babu wata hukuma da ta taɓa ba talakan birnin irinta. Sai dai ba kowa ta rungume ba. Baƙar fata da 'yan Meziko da 'yan Asiya sau da yawa a bene ake tura su, ko a gefe, duk da cewa Kalifoniya na da dokar hana wariya a wuraren jama'a. A Fabrairun 1915, a babban zauren Clune da ke kusa da Broadway, aka fara haska fim ɗin D. W. Griffith da daga baya aka sa wa suna The Birth of a Nation, wanda ya mayar da 'yan ta'addar Ku Klux Klan jarumai. Reshen birnin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, ya yi ƙoƙarin a hana shi bai yi nasara ba. Sai a 1927 aka buɗe Lincoln Theatre a titin Central Avenue, babban gidan da baƙar fata za su zauna inda suka ga dama. A kan dandamalin bodabil kuwa, Bature ya shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon baƙar fata abu ne na yau da kullum, kuma da wannan fuskar Al Jolson ya rera waƙa a The Jazz Singer, fim ɗin 1927 da ake cewa shi ya buɗe zamanin fim mai magana.

To, wa ya kashe bodabil? Masu shi. A duba lissafin manajan gida. Jerin wasa takwas na nufin mutum ashirin ko talatin da za a biya kowane mako, da makaɗa a ramin gaban dandamali, da masu jan labule da ɗaukar kaya, da tikitin jirgin ƙasa daga wannan birni zuwa wancan, ga tauraro da ke ƙara farashi duk shekara, ga wanda zai sha ya bugu, ga wanda zai karye. Fim kuwa gwangwani ne da ake aikowa. Ba ya gajiya, ba ya yajin aiki, kuma a dare ɗaya yana wasa a gari ɗari. Tun kafin fim ya yi magana an riga an juya jerin: da fim ne ɗan rakiya, a shekarun 1920 sai ya zama ango, wasan dandamali ya koma share fage. Grauman ya ƙware a wannan, yana shirya ƙayataccen wasan raye-raye da ya dace da labarin fim ɗin kafin a fara haskawa. Manyan taurarin ma sun riga sun ƙaura. Chaplin da Stan Laurel a cikin tawagar barkwanci ta Fred Karno suka zo Amurka suna zagayen gidajen bodabil. Buster Keaton tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa ke jifa da shi a kan dandamali. Mai wasan da zai ci shekara goma yana yawo da barkwanci ɗaya, da zarar kyamara ta ɗauka, ƙasa duka ta gani, jarinsa ya ƙare.

Zuwan sauti ya ƙarasa aikin. Gidan Tower, wanda Gumbiner ya gina a 1927 a kan ɗan siririn fili, mai kujeru kusan 900, shi ne na farko a birnin da aka haɗa wa kayan fim mai magana. Kamfanin Warner ya yi ta ɗaukar wasannin 'yan bodabil a gajerun finafinai masu sauti yana raba wa gidaje, dubban makaɗa suka rasa aiki cikin 'yan shekaru, rediyo ya kwashe masu barkwanci. A 1928 aka haɗe gidajen Keith da Albee da na Orpheum wuri ɗaya, kafin shekarar ta fita Joseph Kennedy, mahaifin wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, da David Sarnoff na kamfanin RCA suka narkar da su cikin sabon kamfanin fim, RKO. Abin da Sarnoff ke nema shi ne zaurukan da zai sanya wa na'urorin sautinsa. A 1932 gidan Palace na New York, wanda kowane ɗan bodabil ke mafarkin takawa, ya koma haska fim. Babu inda aka ji jama'a sun yi zanga-zanga suna cewa sun gaji da mawaƙi a gabansu. Ba a tambaye su ba ne.

Fadojin fim kuma, waɗanda aka ce talabijin ya kashe, ciwonsu ya girmi talabijin da shekara talatin. A watan Afrilun 1920 cunkoson motoci ya kai hukumar birnin ta hana ajiye mota a titunan tsakiyar gari da rana, domin taragon lantarki su sami hanya. 'Yan kasuwa suka yi ca, ciniki ya faɗi, dokar ba ta yi wata ɗaya ba aka sassauta ta. Daga nan duk mai ido ya san inda aka dosa: mai saye mai kuɗi ya shiga mota, kuma mota ba ta da wurin tsayawa a Broadway. Grauman, wanda ya fi kowa jin ƙanshin kasuwa, ya gina gidan Egyptian a unguwar Hollywood a 1922, ya saki hannun jarinsa na tsakiyar gari, ya ƙara da gidan Chinese a 1927. Manyan bukukuwan buɗe fim suka bi shi. A 1929 Bullock's ya buɗe reshe a titin Wilshire wanda babbar ƙofarsa ke baya, tana fuskantar filin ajiye motoci. Kantin da ya jawo gidajen kallo zuwa Broadway shi ne ya nuna musu hanyar fita. Shi kuwa Gumbiner ya zuba sama da dala miliyan 1 a Los Angeles Theatre a tsakiyar karayar tattalin arziki, kuma kafin 1931 ta ƙare gidan ya suɓuce masa. Gidan Roxie, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarar, shi ne auta.

Ba na musun rawar talabijin, ko hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1948 da ya tilasta wa kamfanonin fim rabuwa da gidajensu. Amma yawan masu zuwa sinima a Amurka ya kai ƙololuwa a 1946 ya fara gangarowa, alhali ko a 1950 gidajen da ke da talabijin ba su kai ɗaya cikin goma ba. Mutane sun yi aure, sun sayi gida a bayan gari, sun haihu, sun hau sababbin manyan hanyoyi. Taragon ja na ƙarshe ya tsaya a 1961, mai ruwan ɗorawa a 1963. Titin da aka gina don wanda ya sauko daga tarago ya wayi gari babu tarago.

A nan ne yawancin masu ba da labarin ke sauke murya su ce Broadway ta mutu, kuma a nan na fi saɓa musu. Titin bai taɓa rasa mutane ba. Waɗanda suka tafi su ne Turawa masu mota. Waɗanda suka zo, ko suka rage, su ne 'yan Meziko da sauran masu jin Sifaniyanci, masu shiga bas, masu cefane a kasuwar Grand Central da aka buɗe a 1917, wadda ke jikin Million Dollar, masu fitowa da iyali ran Lahadi. A Yunin 1943 sojojin ruwa sun kutsa gidajen sinima na tsakiyar gari, suna sa a kunna fitilu, suna jawo samarin Meziko waje suna duka saboda irin suturar da suke sawa. Bayan 'yan shekaru, kuɗin tikitin waɗannan mutane ne ke biyan wutar gidajen. Daga wajen 1950 Frank Fouce ya karɓi Million Dollar ya mayar da shi gidan finafinan Meziko da wasan gauraye cikin Sifaniyanci: mawaƙa, makaɗan mariyaci, masu barkwanci, taurarin fim a tsaye a gaban jama'a. María Félix ta hau wannan dandamali, haka José Alfredo Jiménez, haka Vicente Fernández. Wato bodabil, wanda aka yi wa jana'iza a 1932, ya ci gaba da numfashi a Broadway shekaru masu yawa, da wani harshe, a gaban mutanen da jaridun Ingilishi ba sa ƙirgawa.

Da ba don su ba, da gidajen sun bi sahun takwarorinsu na wasu biranen da aka rushe aka yi filin ajiye motoci. Gidan da ke haska finafinai uku a jere da araha, rufinsa ba ya yoyo, domin akwai mai gyarawa. Sauran kariyar ta zo ne daga sakaci: da masu kuɗi suka tashi sabunta tsakiyar gari, sai suka koma tudun Bunker Hill suka rushe unguwar suka kafa dogayen benayen gilashi, suka bar Broadway ga talaka. A 1978 aka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine ta Los Angeles Conservancy, a 1979 aka sanya titin cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa, daga 1987 ƙungiyar ta fara haska tsofaffin finafinai a gidajen duk shekara. Aiki ne mai kyau, kuma sun cancanci yabo. Amma sun tarar da abin karewa ne saboda wasu sun riƙe shi shekara talatin da kuɗin tikiti. Shi ya sa na ga rashin kara a shirin da hukumar birnin ta ƙaddamar a 2008 da sunan dawo da Broadway, a lokacin da mai tafiya a ƙasa sai ya yi ta kauce wa mutane a bakin shagunan kayan aure da na zinariya da na rediyo.

Kaset na bidiyo da gidajen sinima masu ƙananan zauruka da yawa ne suka ƙarasa raba titin da haska fim na kullum. Tower ya rufe a 1988, Cameo a 1991, Los Angeles Theatre a 1994, Orpheum a 2000. Majami'u sun karɓi wasu: Million Dollar na ɗan lokaci, Loew's State na shekaru, United Artists a hannun mai wa'azin talabijin Gene Scott. Dokar 1999 da ta sauƙaƙa mayar da tsofaffin ofisoshi gidajen kwana ta dawo da mazauna tsakiyar gari, kuma da sawu ya ƙaru sai masu jari suka waiwayo. Gidan Rialto ya zama kantin tufafi na Urban Outfitters a 2013, Tower ya zama kantin Apple a 2021. Zaure mai kujeru 2,000 da allo ɗaya ba ya cika da fim a wannan zamani. Orpheum, wanda aka gina don bodabil a daidai lokacin da bodabil ke gargara, aka kuma gyara shi a farkon shekarun 2000, yau da mawaƙa da masu barkwanci da shirye-shiryen talabijin da ake ɗauka a gaban 'yan kallo yake ci, tsohon gidan United Artists ma haka. Arcade, wato tsohon gidan Pantages, da Cameo da Roxie kuwa suna jere a layi ɗaya, sun shafe shekaru zaurukansu a kulle, mai gini na karɓar hayar shagunan da aka yanka a inda rumfar tikiti take.